Jan Ƙyallen da ke Wuyan Gangunan Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin ofishin ilimi, shugaban makarantarmu da mataimakansa, likitan asibitin unguwarmu, dattawan unguwa, iyayenmu maza da mata, malamanmu, Mama, maiɗakin marigayi, Baffa, yayansa, Gwaggo, ƙanwarsa, 'ya'yansa, da ku 'yan'uwana ɗalibai. Ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya gaba ɗaya.

Kafin komai ina neman afuwarku. Ban kai in tsaya a wannan wuri ba, ban ma kai in rubuta wani abu a kan mutum irin Malam ba. A cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka san shi tun ba a haife ni ba. Da shugaban makaranta ya kira ni ofis ya ce 'yan ajinmu ni suka zaɓa, sai na ce, "Yallaɓai, ni fa ko sunana aka kira a aji sai an sake kira kafin a ji amsata." Ya ce, "To ki rubuta a takarda ki karanta, ita takarda ba ta jin kunya." Shi ne na rubuta. Idan muryata ta yi ƙasa, ku yi haƙuri da ni. Idan na faɗi abin da ya fi ƙarfin bakina, ku ɗauke shi a matsayin ƙuruciya.

Ina kuma so in faɗa tun yanzu cewa ba yabo kaɗai na zo da shi ba. Na zo da roƙo guda, a kan gangunan robar nan da ke bayan gidan Malam, waɗanda aka ce za a zubar da abin da ke cikinsu kafin motar da za ta kwashe kayan iyalinsa ta zo ƙarshen makon nan. Amma ba za a gane roƙon ba sai na faɗi yadda aka yi gangunan suka zo wurin.

Malam shi ne yake koya mana kimiyyar sinadarai. Ya kasance mutum mai fara darasin ranar Litinin da tambaya ɗaya: "Wa ya ga abin mamaki a gidansu?" Yawanci shirme ake faɗa masa, ya yi dariya, a shiga karatu. Wata Litinin ya tsaya a gaban kujerata ya ce, "'Yar Shiru, ke gidanku ba a abin mamaki?" Haka yake kirana. Na sunkuyar da kai na ce awakinmu sun bar ciyawa sun koma lasar toka, kuma sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Wane irin itace kuke ƙonawa?"

Iyayenmu da ke nan sun san amsar. A bayan kasuwa akwai shagon Kafinta. Yakan sayo tsofaffin turakun wayar lantarki da wasu manyan katakai masu ɗan launin kore, ya yi benci da ƙofa da rumfa. Guntayen da suka rage yakan bayar kyauta a yi girki. Kowa ya lura da abu guda game da katakon nan: gara ba ta cinsa. Ko ya shekara a ƙasa, za ka ɗaga ka tarar da shi garau. Sai iyayenmu mata suka yi lissafi irin na mai hankali, suka ce itacen da gara ke tsoro, to tokarsa ma za ta ji tsoro. Aka shiga ware tokar kore daban, ana adana ta a gwangwani. Ana barbaɗa ta a gindin bango, ana zagaye kwamin alayyafo da tumatir da ita, ana goge bayan tukunya da ita. Innata har kyautarta take yi wa maƙwabta, kamar mai rabon turare.

A ranar, da aka tashi daga makaranta, Malam ya bi ni gida yana tura kekensa. Inna tana tsakar gida tana wanke-wanke. Da suka gaisa ta ce, "Malam, gaisuwar awaki ka zo yi mana?"

Ya ce, "Na zo ganin wadda ta kashe su."

Inna ta saki soso ta ce, "A gidan nan?"

Ya nuna gwangwanin da ke gefen murhu ya ce, "Ga ta can a zaune, kin ma rufe ta da faranti kada ta sha iska."

Ya tsuguna ya yi mata bayani yadda za ta gane. Ya ce koren nan ba daga daji itacen ya zo da shi ba, magani ne ake matsa masa a ciki don ƙwari su ƙyale shi, kuma a cikin maganin akwai wata guba da ake kira asenik. Ya ce wuta ba ta kashe ta. Wani ɓangare yakan bi hayaƙi, saura ya zauna a cikin toka. Tunda kuma babban itace ne yake komawa 'yar toka kaɗan, gubar da ke warwatse a jikinsa sai ta taru wuri guda. Tana da ɗan ɗanɗanon gishiri, shi ya sa dabbobi suke binta.

Inna ta ce, "Haba Malam! Tokar da ta raba ni da gara ita za ka raba ni da ita?"

Ya ce, "Innar 'Yar Shiru, ai gara ta fi mu wayo. Ita ta sansana ta ƙi ci. Mu ne muka zuba a gindin abin da za mu ci."

Inna ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don a lokacin ƙanina yana rarrafe kusa da murhun. Ta ɗauke shi ta goya. Malam ya tafi da gwangwanin a bayan kekensa.

Ya kasance mutumin da ba ya yarda da zatonsa sai ya gwada. Bai tara jama'a ya tsorata su ba. Ya ɗebi tokar ya aika babban ɗakin gwaje-gwaje, ya jira. Da sakamako ya dawo ya tabbatar da abin da yake tsoro, sai ya tafi wurin Likita, su biyu suka shiga unguwa. Da suka je shagon Kafinta, bawan Allahn nan ya dafe kai ya ce, "Wayyo ni! Ina bayarwa ina neman lada, ashe guba nake rabo?" Malam ya ce, "Ni da na karanta abin a littafi kullum ta ƙofar shagonka nake wucewa, ban taɓa tsayawa na duba ba. Tashi mu ware katakon." Tun daga ranar guntayen kore suke da rumfarsu daban, ba a ba kowa, ba a ƙonawa.

Da a nan ya tsaya, da ya yi abin da ya isa a gode masa. Amma akwai tambayar da ta hana shi sukuni: tokar da ta riga ta taru a gidaje fa? In an zubar a juji, ruwan sama zai wanke ta ya kai ta lambu. In an binne, za ta sauka ta tarar da ruwan rijiya. Kowa yana cewa a zubar, shi yana cewa a ina. A ƙarshe sai ya ce to a kawo masa.

Ya kasance yana bi gida-gida da buhu da ƙaramin shebur, da takunkumi a hanci, yana sallama yana cewa, "Ko akwai tokar kore?" Mutumin da ya yi karatu mai zurfi, mai farar riga a aji. Yara suka sa masa suna Malam Toka. Da sunan ya iso makaranta mun ɗauka zai yi fushi. Sai ya shigo aji ya rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe, ya ce, "Ku dai riƙa rubuta shi daidai. Ya fi Malam Bulala daɗin ji."

A bayan gidansa da ke layin gidajen malamai ya kewaye wani lungu da kwano, ya sa masa ƙofa da kwaɗo, ya jera ganguna. A nan yake raba toka da gubarta. Zan faɗi yadda yake yi a taƙaice, don roƙona a kansa ya tsaya. Yakan jiƙa tokar a ruwan soda mai cin hannu, irin ta masu yin sabulu, ya yi ta juyawa da doguwar sanda. Sodar takan jawo gubar daga cikin toka ta shigo da ita cikin ruwa. Sai ya tace. Tokar da aka wanke takan tafi gefe, ruwan ya shiga ganga. Bayan nan sai ya zuba wa ruwan wani garin sinadarin ƙarfe. Gubar takan kama ƙarfen ta riƙe, su kwanta tare a ƙasan ganga, su zama laka mai launin tsatsa. Lakar nan, da ita tokar da aka wanke, duka a cikin siminti yake kwaɓa su ya buga bulo, ya jera a ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya taɓa su. Ko cokali ɗaya bai taɓa mayarwa lambu ba.

Mu 'yan ajinsa da muke zuwa ranar Asabar, ba ya bari mu kusanci soda. Namu shi ne kwaɓa siminti da safar hannu da takunkumi, da wanke kayan aiki, da kallo daga inda ya ja mana layi a ƙasa. Wanda ya tsallake layin, ranar ya gama aiki, gida zai tafi.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe. Ruwan da aka tace daga toka, idan ya kwana biyu a ganga, yakan kwanta ya yi garai-garai kamar na famfo. A lokacin ne kuma ya fi kowane lokaci haɗari, don duk gubar tana cikinsa. Ruwan da aka gama yi wa aiki, shi ma garai-garai yake daga sama. Wata rana Malam ya kawo kwalabe biyu a rufe ya ajiye a kan teburin aji ya ce, "Ɗaya an gama da shi, ɗaya zai iya kashe saniya. Ku nuna mini." Muka zagaye tebur, muka ɗaga su a hasken taga, muka yi gardama har aka buga ƙararrawa. Ya ce, "Ni ma da ban sa alama a gindinsu ba, da ban sani ba. Ido ba ya gwaji." Na daɗe ina tunanin wannan magana. Iyayenmu sun ga gara ta guji itace, suka yarda da abin da suka gani. Ba wauta suka yi ba. Abin da idon ya nuna musu gaskiya ne, sai dai bai nuna musu duka ba.

Saboda haka ne ya fito da dabarar jan ƙyalle. Duk gangar da gubarta take cikin ruwa, sai a ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Ba a kwance shi sai an yi aikin ƙarfe, an ɗebi ruwan an aika gwaji, sakamako ya dawo. Mun tambaye shi me ya sa ba zai rubuta a jiki ba. Ya ce rana tana cinye rubutu, kuma ba kowa ne ya iya karatu ba, amma ja ko ƙaramin yaro ya san ana cewa ya tsaya. Ni ya ba aikin ɗaurawa. Ya ce, "'Yar Shiru, tunda ba kya son magana, ga wanda zai riƙa yi miki." Kwancewa kuwa shi kaɗai yake yi.

Mama, ki gafarce ni, zan tona asirin ƙyallen. Wata Asabar muna aiki kika leƙo ta saman kwano kika ce, "Baban yara, ina jan zanena da na shanya?" Malam ya yi kamar bai ji ba, yana ta juya sanda. Kika dubi wuyan gangunan, kika dube shi, kika ce, "Au, su ka yi wa kwalliya?" Ya ce, "Ai rabi kawai na ara." Kika ce, "To ka gaya musu in sun gama yawo da shi su dawo mini da abina." Mun yi dariya har siminti ya kusa bushewa a hannunmu. Mun kuma san cewa ke kika haƙura da rabin tsakar gidanki, da warin soda, da mijin da yake shigowa fari fat kamar an tono shi. Duk abin da ya yi mana, da haƙurinki ya yi shi.

Ya kasance mai haƙuri da jinkiri. Wani lokaci sakamako yakan dawo ya ce da saura, sai ya sake aikin daga farko, ba tsaki ba ƙorafi. Ya kasance ba ya cewa "ya isa haka" a kan abin da wani zai sha. Ya kasance idan an yabe shi sai ya ce a bari sai ganga ta ƙarshe. Allah bai nufa ya ga ganga ta ƙarshe ba. Ciwon zuciya ya kama shi yana tsakiyar darasi, ya dafa tebur ya ce mu ci gaba da aikin da ke allo, yana zuwa. Aka kai shi asibiti. Bai dawo ba.

Abin da zan faɗa yanzu sai da na nemi izinin Gwaggo. Ta ce, "Faɗi, 'yata. Gara a ji da bakinki da a ce wata ta sake yi."

Ranar rasuwar, gida ya cika, babu wurin shimfiɗa tabarma. Mabuɗin lungun yana aljihun rigar Malam a asibiti, sai aka fasa kwaɗon don a sami fili. Gwaggo daga nesa ta zo, ba ta taɓa jin labarin toka ba. Ta ga ganguna da tsummoki a wuya, rana ta cinye su, ƙura ta rufe su, ga baƙi suna shigowa. Ta yi abin da kowace mace mai son rufin asirin gidan ɗan'uwanta za ta yi. Ta kwance tsummokin ta haɗa da shara, ta sa aka jawo gangunan aka haɗe su a kusurwa ɗaya. Ga shi famfo ya ɗauke, kwanuka sun taru. Ta buɗe ganga ɗaya ta ga ruwa garai-garai.

Daidai lokacin muka shigo gaisuwa da 'yan ajinmu. Na hango ƙofar kwanon a buɗe, na hango Gwaggo da bokiti a hannu. Ban san lokacin da na ce, "Gwaggo, kar ki taɓa!" ba. Waɗanda suke wurin sun ce har bakin titi an ji. Ni kaina ban san ina da wannan muryar ba. Kowa ya waiwayo. Gwaggo ta juyo ta ce, "Ke 'yar gidan wa ce, da za ki yi mini ihu a gidan rasuwa?" Na shiga nuna mata gangar da hannu. Mama ce ta fito daga ɗaki ta ce, "Gwaggon yara, ajiye bokitin nan. Yarinyar ta fi mu sanin wurin." Da aka yi wa Gwaggo bayani sai ta zauna a ƙasa.

Allah ya tsare, ba wanda ya taɓa ruwan. Amma ga inda muke yau: babu ƙyalle, kuma an sauya wa gangunan wuri. Ni da nake ɗaurawa ban isa in ce wannan an gama da ita, wannan ba a gama ba. Wasu an zuba musu ƙarfe amma sakamakonsu bai dawo ba. Wanda zai iya tunawa ya tafi.

Baffa, yanzu da kai nake, ka yafe mini ƙarfin hali. Na ji abin da ka ce ranar da kuke shirya kaya, don ina tsakar gida ina taya Mama naɗe tabarmi. Ka ce, "Na sa yaron nan a makaranta don ya huta, ya ƙare a kwasar toka. Ita ta cinye mini shi. A tuntsurar da su a kwata, a wanke, kada in sake ganinsu." Ban ga laifinka ba. Kai ka riƙe hannunsa ka kai shi aji ɗaya, mu kuwa da furfura muka same shi. Likita yana nan zaune, ya ce ciwon zuciyar Malam ya girmi aikin tokar da shekaru. Ni ba ni da ilimin da zan ƙara a kan maganarsa, ba kuma ni da maganar da za ta rage maka zafi.

Abu ɗaya na sani, na san inda kwatar nan take zuwa, don ita nake bi kullum in zo makaranta. Daga bayan gidajen malamai takan bi ta gindin katanga, ta shige ƙarƙashin 'yar gada, ta fito a gefen lambunan da matan unguwa suke shuka ganye. Daga nan ta malale a fadamar da ke kusa da rijiya, inda 'yan firamare suke tsayawa shan ruwa in an tashi. Tokar da Malam ya bi gida-gida ya tattaro, ya cire mata guba ya tara wuri guda, idan aka tuntsurar, a yini ɗaya za ta koma wa mutanen da ya karɓo ta daga hannunsu. Ga kuma hadari ya fara haɗuwa.

Ba mu roƙi a bar muku nauyi ba. Malamar da za ta karɓi ajinsa ta ce za ta ɗauki kowace ganga a matsayin wadda ba a taɓa ba, ta sake aikin daga farko, Likita kuma zai riƙa aika ruwan gwaji. Shugaban makaranta ya ce ko an ba wani gidan, lungun zai zauna yadda yake. Kafinta ya ce ƙofa da sabon kwaɗo suna wuyansa. Mu kuma ranakun Asabar ɗinmu suna nan. Abin da ya rage izininka ne, don gangunan kayan ɗan'uwanka ne, kai ne babba a kansu.

Jiya da yamma na je gaishe da Mama. Ban roƙe ta komai ba. Ta buɗe akwatin da ta riga ta ɗaure, ta zaro ragowar rabin jan zanen nan, ta ɗauko almakashi ta miƙo mini. Ta ce, "Ungo. Dama na san ba zai dawo ba." Mun zauna mun yanka shi tare. Yana cikin jakata yanzu. Roƙona, Baffa, idan an shafa addu'a, ka zo mu je bayan gidan, a ɗaura wa kowace ganga, har wadda muke zaton an gama da ita.

A madadin ɗalibai ina gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Muna gode wa iyalan Malam da suka ba mu aron shi tsawon shekarun nan. Muna gode wa iyayenmu mata da suka miƙa gwangwanayensu ba tare da sun ga gubar da idonsu ba. Ya Allah, ka jiƙan Malam, ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa. Yadda ya tsare mana ruwan sha, ka shayar da shi daga ruwan Aljanna. Ka ba Mama da 'ya'yansa da Baffa da Gwaggo haƙurin rashinsa, ka tsaya musu a inda yake tsaya musu. Mu kuma ka ba mu ikon ƙarasa abin da ya bari, ka sa mu cika da imani. Amin.

*

Iyakar abin da na karanta a taro ke nan. Shugaban makaranta ya ce kafin a buga a raba, in ƙara abin da ya biyo baya, saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.

Da aka shafa addu'a Baffa bai dube ni ba. Ya tashi ya fita, na ɗauka na ɓata komai, har na fara kuka a bayan 'yan ajinmu. Sai ga Gwaggo ta kamo hannuna ta ce, "Taho, ke mai ihu, yana jiranki." Muka tarar da shi a cikin lungun, ya harɗe hannu a baya, yana kallon bulon da ke jere a ƙarƙashin rumfa. Ya ce, "Duk wannan shi ya buga?" Mama ta ce, "Shi da yaran nan." Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Tun yana ƙarami haka yake. In an aike shi sayen ashana sai ya tsaya gyaran hanya." Ya miƙo mini hannu ya ce, "Kawo tsumman."

Ya ɗaura na farko da kansa, ɗaurin da sai an sa wuƙa. Na ce, "Baffa, ai za a kwance wata rana." Ya ce, "To ranar ku kira ni in kwance abina." Gwaggo ta karɓi sauran ta ce ita ta cire, ita za ta mayar, kada wanda ya taya ta. Motar kaya ta zo ta tafi da kujeru da akwatuna. Gangunan suna nan, kowace da ja a wuya, ƙofa a kulle.

Na san na riga na yi magana fiye da yadda ya dace da ɗaliba. Amma aikin zai ɗauki lokaci, Mama da Baffa kuma sun yi nisa da mu yanzu. Idan iyayena da malamaina sun yarda, ina neman izini in sake rubuto muku sau ɗaya, ranar da sakamakon ganga ta ƙarshe ya dawo, don Baffa ya san lokacin zuwa da wuƙarsa, Mama kuma mu mayar mata da zanenta, ko da a yanke ne.